Laifi tudu ne: Ƙonni, Jamus da rabin tarihin da ba a faɗi

Duk wanda ya zauna da dattawan Birnin Ƙonni har hira ta yi nisa, zai ji an ambaci shekarar da Nasara ya ƙone garin. Ba a cika faɗin lambar shekarar ba, ana dai maimaita abin da kakanni suka ce sun gani: ganuwar da igwa ta fasa, ramukan da aka haƙa domin binne gawawwaki, da matan da aka sa a gaba aka tafi da su. A littattafan tarihi, abin ya faru ne a farkon watan Mayu na 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa na kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, wanda aka tura ya kai tuta tafkin Cadi, ya faɗa wa birnin. Kafin nan ayarin ya yi kisa a Sansane Hausa a watan Janairu, ya kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu ranar 16 ga Afrilu. Daga Ƙonni ya nausa gabas yana ƙone-ƙone, har ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda Paris ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu kuma suna Maijirgi, a ƙasar Tasawa. Faransa ta ɗora abin a kan taɓin hankalin da zafin Sudan ya jawo wa hafsoshi biyu, ta rufe maganar, ta riƙe ƙasar da suka ci.

Yau wannan labari ya fito daga zaure ya hau dandali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojan Faransa sun bar Nijar a watan Disamba na shekarar. A watan Oktoba 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Kishin ƙasa ya tashi, yana kuma neman tarihin da zai jingina da shi, malaman lakol da ƙungiyoyin al'adu ne za a ce su samar da shi. Saboda haka ya dace a sake duba ayyukan da suka gina wannan tunawa, a ga abin da suka faɗa da abin da suka tsallake.

Ayyuka uku

Na farko shi ne Sarraounia, ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani ya fitar a 1980. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya kuma san abin da yake nema: fuskar da ƴan Nijar za su kalla su ɗaga kai. Binciken masana irin su Elara Bertho ya nuna cewa a takardun sojan Faransa sarauniyar Lugu ba ta sami fili mai yawa ba, alƙalamin Mamani ne ya ɗauko ta daga ƙasar Arewa ya mai da ita gwarzuwar ƙasa baki ɗaya. Wannan ba aibi ba ne ga marubuci, aikinsa ke nan. Littafin ma ya fi yadda ake koyar da shi gaskiya, domin bai ɓoye sarakunan makwabta da suka zaɓi lallashin baƙi ba, bai kuma ɓoye ƙiyayyar da wasu Musulmi ke yi wa Azna ba. A aji da dandalin wasan kwaikwayo ne ake taƙaita shi har ya koma fari da baƙi, sarauniya a gefe guda, Nasara a ɗaya gefen.

Na biyu shi ne fim ɗin da Med Hondo ya ɗauko daga littafin a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Hondo gwani ne wajen nuna ayarin yana ruɓewa daga ciki, hafsoshi na haukan girma, sojoji na gajiya da tsoro. Amma fim ne na nasara. Mai kallo yana tashi da zuciya a sanyaye, alhali Ƙonni ba ta yi nasara ba, ƙonewa ta yi.

Na uku shi ne African Apocalypse na Rob Lemkin, wanda ya fito a 2020. Wani matashin mawaƙi ɗan Ingila mai asalin Najeriya, Femi Nylander, ya bi sawun Voulet a kan babbar hanyar da ta ratsa kudancin ƙasar, tare da Amina Weira da Assan Ag Midal. Babbar darajar fim ɗin ita ce ya miƙa magana ga jikokin waɗanda aka kashe, suka faɗi abin da suka gada da harshensu. Rauninsa kuwa, ya rataya tafiyar a wuyan littafin Joseph Conrad, yana neman kamannin Voulet da mugun Baturen da ke cikinsa. Da haka tambayar ta koma abin da ke cikin zuciyar Bature da abin da matafiyin ke ji, mutanen Ƙonni suka zama shaidu a shari'ar da ba su ne suka tsara ta ba.

Akwai tambayar da duka ukun suka gifta ta gefenta ba su zauna a kanta ba. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Ɗaruruwan da suka riƙe bindiga ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, kuma wani ɓangare na ladansu mutane ne: matan da aka kama a garuruwa ana raba musu. Alhakin umarni yana wuyan Voulet da gwamnatin da ta aiko shi, babu mai sauke musu shi. Sai dai biyan soja da mace bai yiwuwa sai a inda mutum ke da farashi, kuma a 1899 mutum na da farashi a kasuwannin ƙasar Hausa da Adar tun kafin Nasara ya iso. Wannan rabin labarin ne ba a rera shi. Kafin a koma gare shi, yana da amfani a leƙa ƙasar da duniya ta tilasta wa duban laifin hannunta, wato Jamus.

Abin da Jamusawa suka yi da nasu tabon

Daga 1933 zuwa 1945 mulkin ƴan Nazi ya hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, ban da sauran al'ummomin da ya bi da kisa. Sansanin Buchenwald, inda mutum kimanin 56,000 suka mutu, yana kan tudu ne kusa da birnin Weimar. A watan Afrilu 1945 sojan Amurka suka tasa mutanen birnin kimanin 1,000 suka zagaya da su cikin sansanin, da yawansu suna cewa ba su san abin da ake yi ba. Shekaru kusan ashirin bayan yaƙin, wannan ita ce amsar gida-gida. Jamusawa suna tunawa, amma abin da aka yi musu suke tunawa: biranen da aka yi wa ruwan bama-bamai, da ƴan'uwan da aka koro daga gabas.

Shirun bai karye da kansa ba. Wani mai gabatar da ƙara, Fritz Bauer, ya dage har aka gurfanar da ma'aikatan sansanin Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, jama'a suka ga cewa masu laifin makwabta ne na yau da kullum. Ƴaƴa suka fara tambayar iyaye inda suke a lokacin. Ranar 7 ga Disamba 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa a gaban abin tunawa da Yahudawan birnin Warso, shi da ya yi gudun hijira saboda ƴan Nazi, ba shi da hannu a abin da suka yi. Ranar 8 ga Mayu 1985 shugaban ƙasa Richard von Weizsäcker ya kira ranar da Jamus ta sha kashi ranar kuɓuta. A 2005 aka buɗe filin tunawa mai ginshiƙai 2,711 a tsakiyar Berlin.

Amma abin da ya fi shafar malamin Illela ko Malbaza ba a fadar gwamnati ya faru ba. A 1978 wani marubuci ɗan Suwidin, Sven Lindqvist, ya fitar da littafi yana kiran ma'aikata su binciki tarihin wurin aikinsu da kansu, ya kafa misali da masana'antun siminti na ƙasarsa. Sunan littafin na nufin mutum ya haƙa inda yake tsaye. A shekarun 1980 ƙananan ƙungiyoyin tarihi a garuruwan Jamus suka ɗauki wannan kira, malamai da ɗalibai suka shiga ɗakunan ajiyar takardu na gundumominsu suna tambayar wane ne ya zauna a gida kaza, wane ne ya saye shi da arha bayan an tafi da masu shi. Lindqvist ɗin nan ne kuma a 1992 ya rubuta littafin tafiyarsa ta Sahara har Damagaram, inda ya ba da labarin Voulet, yana neman tushen kisan Turai a abin da Turai ta saba yi a Afirka.

A irin wannan ƙasa da aka riga aka nome ne Gunter Demnig ya shuka abin da ya kira Stolpersteine, wato duwatsun tuntuɓe, tun shekarun 1990. Ƙaramin dutse ne mai fuskar tagulla, santimita 10 kowane gefe, da ake kafawa a ƙasa a ƙofar gidan da mutum ya zauna kafin a kama shi, ɗauke da sunansa, shekarar haihuwarsa, da inda aka kai shi. A 2023 aka kafa na 100,000. Sau da yawa ƴan aji guda ne ke bin diddigin sunan. Ba kowa ya yarda da tsarin ba: birnin Munich ya hana kafa su a titunan hukuma, domin shugabar al'ummar Yahudawan birnin ta ce bai dace a riƙa taka sunayen matattu ba. Muhawarar kanta wani ɓangare ne na tunawar.

Yanzu wannan gini yana fuskantar guguwa. Jam'iyyar AfD, da aka kafa a 2013, ta zo ta farko a zaɓen jahar Thuringia a watan Satumba 2024 da kashi 32.8 cikin ɗari, jahar da Buchenwald ke cikinta, ta kuma zo ta biyu a zaɓen ƙasa na Fabrairu 2025 da kashi 20.8. Jagoranta a Thuringia, Björn Höcke, tsohon malamin tarihi ne. A wani jawabi a Dresden a 2017 ya kira filin tunawa na Berlin abin kunya, ya nemi a juya wa wannan salon tunawa baya gaba ɗaya. Hujjar irinsu ba ta bukatar musun abin da ya faru. Cewa suke an faɗa ya isa, al'ummar da kullum take sunkuye ba ta iya tsayawa da ƙafarta, a koya wa yara abin alfahari.

Kada kuma a ɗauka Jamus ta gama karatun. Kisan ƙare-dangin da sojanta suka yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, sai a 2021 gwamnati ta kira shi da sunansa, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 a matsayin taimakon raya ƙasa, abin da shugabannin al'ummomin da yawa suka ƙi. Ko ƙasar da ta fi kowa ƙoƙari tana zaɓen abin da za ta tuna.

Komawa gida

Babu mai hankalin da zai auna bautar Adar da sansanonin ƴan Nazi a ma'auni ɗaya. Ƙonni kuma a 1899 ita aka zalunta. Abin da za a ɗauko daga Jamus shi ne bambancin tunawa iri biyu: ta abin da wani ya yi maka, wadda ke zuwa da kanta, kishin ƙasa kuma na sonta, da ta abin da hannun gida ya yi, wadda sai an dage. Masu iya magana sun riga sun faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na gida ba ya da nisa. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya a wani gida a ƙasar Ƙonni. Wahaya ita ce wadda ake kira mace ta biyar, domin ba ta cikin lissafin huɗun da shari'a ta halatta: ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aikin gida da na gona da shimfiɗar maigida. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma aka ce ita mata ce, ba ta tafiya. Wata kotu a Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu, wata ta soke hukuncin, da ta auri wanda take so kuma aka yanke mata wata 6 a 2007 a kan aure bisa aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta sami Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Duk wannan ya faru ne bayan dokar Faransa ta 1905 da ta hana cinikin bayi, da dokar Nijar ta 2003 da ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Rahoton da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka fitar a 2012 tare da ƙungiyar Timidria ya nuna cewa al'adar ta fi kama ƙasa a tsakanin Ƙonni, Illela da Madawa, wasu ƴan matan kuma ana tsallakawa da su iyaka. Sai a watan Mayu 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda riƙe wahaya.

Shekara 97 ne tsakanin matan da ayarin Voulet ya raba wa sojojinsa da yarinyar da aka sayar a 1996. Na farkon ana kuka da su a fim, a kuma nemi Faransa ta amsa laifi, neman da yake kan gaskiya. Ta biyun duniya ta karrama ta, amma a ajin Hausa da dandalin gidan matasa ba ta sami ko kusa da gurbin Sarauniya ba. Ga shi kuwa duk abin da marubuci ke nema yana cikin labarinta: mace guda, ba ta da dakaru ba ta da ganuwa, ta tsaya gaban maigida da al'ada da kotu har ta yi rinjaye. In jarunta ake nema a koya wa yara, ga ta a ƙofar gida.

Za a ce lokacin bai dace ba, ƙasa na fama da maƙiya, tona wannan zai ba baƙi abin gori. An taɓa faɗin haka. A watan Maris 2005 an shirya bikin ƴanta bayi 7,000 a Inates, aka fasa a ƙurarren lokaci, hukumomi suka ce babu bauta a Nijar, shugaban Timidria Ilguilas Weila kuma ya kwana a kurkuku. Musun bai kare sunan ƙasa ba, shekara uku bayan haka kotu ta faɗi abin a gaban duniya. Abin da ya ɗaga sunan Nijar shi ne ta karɓi hukuncin ta biya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya share ƙofarsa kuma shi ne bakinsa ya fi kaifi in ya ce wa Paris ta zo ta dubi ramukan Ƙonni.

Akwai wani dalilin da ya sa maganar ta fi gaggawa a yau. Tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ba ta cikin CEDEAO. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan ficewar, ƙofar da Hadijatou Mani ta ƙwanƙwasa ba ta nan ga wadda za ta biyo bayanta. Ikon kai da aka karɓo ya haɗa da wannan nauyi: alƙalin gida, malamin gida da liman na unguwa su ne suka rage.

Aikin aji da na ƙungiya

Duwatsun Demnig ba za a kwafo su yadda suke ba. A Jamus rubuta sunan wanda aka kashe girmamawa ce. A Adar, a rubuta cewa kakan wane bawa ne, tamkar an ɓata wa jikarsa aure ne, tunda har yanzu ana binciken asali kafin a karɓi goro. Malamin da ya tura ɗalibai su jero gidajen bayi da na iyayengiji, wuta zai kunna a gari. Abin da za a ara shi ne haƙa inda ake tsaye, da lura da wanda haƙar za ta taɓa.

Sunayen waɗanda suka mutu a 1899, da unguwanninsu da garuruwan da suka watse, ana iya tattara su daga bakin dattawa tun suna raye, a rubuta da Hausa, a ajiye a lakol da gidan al'adu. Ana iya tambayar yadda aka ɗebi mutane aikin tilas kafin a soke shi a 1946, da wanda ya riƙa nuna gidajen da za a ɗeba. Ma'aikatan simintin Malbaza suna da tarihin da ya cancanci irin binciken da Lindqvist ya nema. Game da bauta kuwa, malamin Hausa yana da ma'ajiyar da ta fi kowace cika, wato harshen kansa. Ɗalibai na iya tattaro karin magana, zagi da kirarin da kalmar bawa ko baiwa ta fito a ciki, su tambayi abin da kowanne ke koya wa yaro game da darajar mutum, ba tare da an ambaci gidan kowa ba. Ana iya karanta Sarraounia gaba ɗayansa, har da shafukan da ba su da daɗi, a ajiye hukuncin 2008 a gefensa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta saba ɗinka wa sarauniya kayan yaƙi tana iya gwada rubuta wasan da mugunsa ke jin Hausa, yana sallama, yana zuwa sallar Juma'a.

Tarihin da za a rubuta da Hausa a shekaru masu zuwa zai ɗauki Lugu da Ƙonni da Dankori, ya kuma kamata ya ɗauke su da cikakken nauyinsu. Abin da ya rage a gani shi ne ko zai bar shafi ga yarinyar da aka sayar jika 240. A ajin Illela ko na Malbaza, jikan wanda aka ƙone wa gari da jikar wadda aka saya a kan benci ɗaya suke zaune, sau da yawa ma mutum ɗaya ne, littafin kuma nasu ne su duka.